Daga Ɗan Wabi Zuwa SS: Tarihin Yadda Mai Amosanin Jini Ya San Ciwonsa

Gabatarwa

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka ɗauki jikin ɗan Adam a matsayin ɗaki, to, maganar ta zauna daidai, domin babu likitan da zai fi majiyyaci sanin inda ke masa zogi. Sai dai sanin inda ɗaki ke yoyo daban, sanin abin da ya huda rufin kuma daban. Na farko yana wurin mai ciwo, na biyu yana wurin mai magani, kuma ba kullum ne waɗannan sani biyu suke haɗuwa ba. Sau da yawa akan miƙa wa mutum 'yar takarda daga ɗakin gwaji mai ɗauke da haruffa biyu na boko, a ce masa ga sunan abin da ke jikinsa, ya karɓa ya yi godiya, ya fita bai ƙaru da kome ba.

A cikin wannan maƙala ina so in bi tarihin ciwo guda ɗaya, wato amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, domin mu ga hanyar da saninsa ya biyo kafin ya iso ga mai ɗauke da shi. Dalilin zaɓensa kuwa a fili yake. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a wani rahoto na 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi a ƙasar nan kowace shekara. Da yake ni ɗalibin harshe ne, ta ƙofar sunaye zan shiga, saboda sunan da aka ba ciwo shi ke nuna wa majiyyaci gidan da zai yi sallama, ko na wanzami, ko na boka, ko asibiti. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, a kowane zango mai ciwon ne na ƙarshen samun labari, kuma duk sa'ad da labarin ya iso masa rabi da rabi, sai ya zame masa wani ciwon na biyu.

Kafin Zuwan Madubin Likita

Mutanen Afirka ta Yamma sun san wannan ciwo a jikinsu tun kafin wani Bature ya leƙa jini ta madubin likita. Wani shahararren likita ɗan ƙasar Gana mai suna Felix Konotey-Ahulu ya bi diddigin ciwon a cikin zuriyarsu har zuwa shekarar 1670. Shi ne kuma ya jawo hankalin duniya ga sunayen da ƙabilun ƙasarsa suka ba shi: 'yan ƙabilar Ga suna cewa chwechweechwe, Fante suna cewa nwiiwii, Ewe suna cewa nuidudui, masu jin Twi kuma ahotutuo. Ko wanda bai ji harsunan ba, in ya faɗi kalmomin a bakinsa zai ji maimaicin da ke cikinsu, mai kwaikwayon raɗaɗin da ke gwaguyar ƙashi, ya lafa, ya dawo. Waɗannan sunaye majiyyata ne suka raɗa su, domin abin da jiki ke ji suke faɗa.

A ƙasar Hausa kuwa, ciwon rarrabuwa ya yi gida-gida, kowace alama da sunanta da mai maganinta. In hannu da ƙafar jariri suka kumbura, a ce sanyi ne ya shige shi. In idanu suka yi ɗorawa, a ce shawara ce, a nemo jiƙo. In ciki ya taso ta gefen hagu, a ce saifa ce, a kai wa wanzami ya yi tsaga. In ƙasusuwa suka ɗauki zogi da damina ko da hunturu, a ce sanyin ƙashi ko amosanin ƙashi. In kuma miki ya fito a idon sawu ya ƙi warkewa, a ce gyambo. Duk waɗannan lura ce ta gaskiya, ba a yi ƙarya a ko ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne zaren da zai ɗinke su, a gane cewa daga tushe ɗaya suke.

Akwai kuma suna mafi nauyi. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna ƙanana, sai a ce tana wabi, abin da ta haifa kuma ɗan wabi. Akan raɗa wa irin wannan yaro lakabi kamar Ajuji ko Ajefas, wato a nuna ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Yarbawa suna da abiku, Ibo suna da ogbanje, inda aka yi imani cewa yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa. Ba shakka ba dukan wabi ne amosanin jini ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su ma sun kwashe nasu kason. Amma wata masaniya mai suna Esther Nzewi ta buga wani bincike a 2001, inda aka gwada jinin yara 100 da ake kira ogbanje a ƙasar Ibo, aka sami 70 daga cikinsu da ciwon sikila. Sai mai karatu ya lura da inda wannan suna ya ajiye laifi. Ya ajiye shi a kan yaro, ko a kan uwa, ko a kan kishiya da ake zargi da sammu. Uba kuwa ba ya shiga lissafi, alhali rabin gadon daga wurinsa ya fito.

Majiyyacin Da Ba A Ambaci Sunansa Ba

A fagen rubutu, masana da dama suna ganin cewa likitan farko da ya bayyana alamomin ciwon shi ne Africanus Horton, haifaffen Saliyo, wanda ya yi aikin likitan soja a ƙasar da ake kira Gana a yau. A cikin littafinsa na 1874 kan cututtukan ƙasashe masu zafi, ya yi bayanin wani zazzaɓi mai zuwa da ciwon gaɓɓai, mai tashi da damina, mai tafe da ƙarancin jini. Amma sai da ciwon ya bayyana a wani asibiti na Amurka kafin littattafan likitanci su buɗe masa babi. Yadda ya isa can kuwa sananne ne, jiragen cinikin bayi ne suka ɗauke shi a cikin jinin waɗanda aka kwasa daga gaɓar Afirka.

A ƙarshen 1904 aka kwantar da wani saurayi ɗan shekara 20 a wani asibiti a birnin Shikago. Sunansa Walter Clement Noel, baƙar fata ne daga tsibirin Giranada, ya zo koyon aikin likitan haƙori. Wani ƙaramin likita mai suna Ernest Irons ya ɗiga jininsa ya duba ta madubi, sai ya ga jajayen ƙwayoyin jinin, maimakon su kasance kewayayyu, wasu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Ya sanar da maigidansa, James Herrick, wanda ya buga labarin a 1910. Daga kalmar Turanci mai nufin lauje aka sami sunan da bakin Bahaushe ya mayar sikila.

Noel ya sha kwanciya a asibiti, amma ya jure har ya gama karatunsa a 1907, ya koma Giranada ya buɗe wurin aikinsa. Ya rasu a 1916. Sai a 1922 wani likita mai suna Verne Mason ya raɗa wa ciwon sunan da aka san shi da shi a Turance. Wato ke nan mutumin da aka fara gano ciwon a jininsa ya bar duniya shekara shida kafin ciwon ya sami suna. Shi kansa sunan Noel bai fito a rubutun Herrick ba, sai a 1989 wani masanin tarihi, Todd Savitt, tare da abokin aikinsa, suka tono takardun asibiti suka bayyana ko wane ne. A nan za mu ga sauyin da ya faru. Sunayen dā sun faɗi abin da majiyyaci ke ji, sabon sunan kuwa ya faɗi abin da likita ke gani, abin da shi mai jinin bai taɓa ɗora wa ido ba.

Shekarun Tono Asiri

Daga nan ilmi ya yi ta haɗuwa sannu a hankali. A 1927 Hahn da Gillespie suka nuna cewa ƙarancin iskar oksijin ne ke sa ƙwayoyin su lanƙwashe. A 1949 mutum biyu, kowa da kiwonsa, suka warware yadda ake gadon ciwon: James Neel a Amurka, da E. A. Beet, wani likitan gwamnatin mulkin mallaka a ƙasar da ake kira Zambiya a yau. Suka tabbatar da cewa sai yaro ya gāji irin ciwon daga uwa da uba duka biyu kafin ya kamu da shi. Da wannan magana ta isa zaurukanmu a lokacin, da ta wanke mata da yawa daga zargi.

A wannan shekara ta 1949 dai, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka gano cewa matsalar tana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Sun yi amfani da wutar lantarki suka raba himogulobin ɗin mai lafiya da na mai ciwo, kuma wannan dabara ce har yau ake amfani da ita a ɗakunan gwaji da yawa wajen fitar da haruffan da ake rubuta mana. Sa'an nan a 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano ainihin bambancin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin tana da ƙulli 146, to, ƙulli na 6 ne kaɗai ya sauya. Duk zogin nan, da shawarar, da saifar, da gyambon, daga wannan ƙulli guda suka taso.

Bari in faɗi abin da Hausa a sarari. Lafiyayyen himogulobin shi ake yi wa alama da A, mai lanƙwasa ƙwayoyi kuma S. Kowane mutum yana karɓar harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba shi da irin ciwon. Mai AS yana ɗauke da iri, amma lafiyarsa ƙalau, in ban da a wasu yanayi masu tsanani ƙwarai, kamar matsananciyar wahala tare da ƙishirwa. Mai SS shi ne mai ciwon. A jikinsa, in oksijin ya yi ƙasa, sai ƙwayoyin su sandare su lanƙwashe, su toshe ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa abinci, zogi ya tashi. Bugu da ƙari, lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, amma mai kama da lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Wannan saurin mutuwa shi ke kawo ƙarancin jini da ɗorawar ido. Jariri kuwa yakan yi watannin farko lafiya, saboda yana da ragowar wani himogulobin na zaman ciki mai kare shi, sai wajen wata shida alamomi su fara fitowa. Akwai kuma harafin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma mai SC shi ma yana da ciwon, ko da yake galibi ya fi na SS sauƙi.

Sauro Da Darasin Garki

Mai karatu yana iya tambaya, in har ciwon yana kashe yara haka, me ya hana irinsa ƙarewa? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya ba da amsa a 1954, bayan bincikensa a Afirka ta Gabas. Ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka a ƙasar da sauro ya yi yawa, yara masu AS sun fi masu AA tsira, su girma, su yi aure, su miƙa irin ga na baya. Ashe abin da ake gani kamar tawaya garkuwa ce da ta tsare kakanninmu.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a ƙasar Hausa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jihar Jigawa. Alan Fleming, malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen wurin, suka buga sakamakon a 1979. Sun sami masu AS kimanin 24 cikin 100 a tsakanin jarirai, amma adadin ya hau zuwa kimanin 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka girma, daidai da maganar Allison. Masu SS kuwa kimanin 2 cikin 100 ne a jarirai, amma da ƙyar ake samun ko ɗaya a cikin manya. Ba sai an tambayi inda suka tafi ba. Sun koma tun suna ƙanana, kuma a gidajen iyayensu mai yiwuwa da sunan shawara ko wabi aka yi musu addu'a. Ciwon yana da suna a mujallun Turai shekara 50 kafin wannan lokaci, amma sunan bai riga ya iso ƙauyen da ake binne yaran ba.

Sani Rabi Da Rabi

Kada a ɗauka cewa da zarar suna ya iso ga jama'a magana ta ƙare. Abin da ya faru a Amurka ya isa ishara. A 1972 gwamnatin Shugaba Nixon ta kafa dokar yaƙi da ciwon sikila, aka shiga gwada jinin baƙaƙen fata gadan-gadan, wasu jihohi ma suka mayar da gwajin tilas. Amma ba a tanadi isassun masu yi wa mutane bayani ba, har aka riƙa cakuɗa mai AS da mai SS. Lafiyayyun mutane suka koma gida da tunanin ajalinsu ya kusa. Wasu kamfanonin inshora suka ƙara musu kuɗi, wasu ma'aikatan jiragen sama suka rasa aiki, makarantar horar da hafsoshin sojan sama kuma ta ƙi ɗaukar masu AS har zuwa 1981. Shi kansa Pauling, wanda ya tono asirin ciwon, ya taɓa ba da shawara a 1968 cewa a yi wa masu ɗauke da irin wata alama a goshi, don su gane juna kafin su fara soyayya. Da na karanta wannan, sai na tuna da lakabin Ajuji. Duka biyun tambari ne da ake manna wa mutum ba tare da an zaunar da shi an fahimtar da shi ba.

Lokacin Da Sani Ya Fara Ceto

Amfanin sanin sunan ciwo ya fito sosai ne a 1986, sa'ad da wani bincike ƙarƙashin jagorancin likita Marilyn Gaston ya nuna cewa ba ƙananan yara masu SS ƙwayar fenisilin kullum yana rage kamuwa da wata muguwar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Dalili kuwa shi ne saifar mai sikila takan lalace da wuri, ita ce kuwa mai tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Wannan ya sa ƙasashe suka fara gwada jarirai tun daga haihuwa, domin magani mai arha ba ya amfani in ba a san wanda za a ba ba. A 1995 aka tabbatar da cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, ta hanyar farfaɗo da himogulobin ɗin nan na zaman ciki. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt sun gwada wannan magani a kan yaran da awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma sakamakon da suka buga a 2022 ya ƙarfafa amfani da shi a ƙasashe irin namu.

Akwai ma warkarwa ɗungurungum. An fara ba da rahoton warkar da mai sikila ta dashen ɓargo a Amurka a 1984, a Nijeriya kuma aka yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai gyara ƙwayar gado, mai suna Casgevy, sai dai an sa masa farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, kuɗin da ba na talaka ba ne. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne gwaji da wuri, da rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da gaggawar zuwa asibiti in zazzaɓi ya taso. A ƙasashen da aka tsare kula da yaran, fiye da 90 cikin 100 na masu SS suna kai wa ga girma. Mai karatu ya gwada wannan da abin da aka gani a Garki.

Takarda A Hannun Majiyyaci

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin irin jini. Haruffan nan yanzu sun shiga zancen neman aure, suna ɗaura shi suna kuma warware shi. Ni kaina AS takardata ta nuna lokacin da aka gwada ni, kuma abin da ya biyo bayan miƙo takardar bai wuce kiran na bayana a layi ba. Wannan ne ya tura ni karance-karancen da suka haifar da wannan maƙala. A hirarrakin da nake yi da 'yan'uwa ɗalibai kuwa, na lura da ruɗani iri huɗu masu yawan dawowa.

Na farko, haɗa rukunin jini da irin jini. Wani zai ce shi O ne, saboda haka ba ruwansa da sikila, alhali A da B da O zancen ƙarin jini ne, AA da AS da SS kuwa zancen gado ne, kuma kowanne da gwajinsa. Na biyu, ɗaukar AS a matsayin ƙaramar sikila mai iya girma ta zama SS. Harafin da aka haifi mutum da shi ba ya sauyawa. In takardu biyu suka saɓa, to, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne ya kuskure, ko kuma an yi wa mutum ƙarin jini ba da daɗewa ba. Na uku, lissafin ɗaya cikin huɗu. In mai AS ya auri mai AS, wasu kan zaci ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon, sai su ce za su tsaya a uku. Lissafin ba layi ba ne. Kamar jefa kwabo biyu sama ne, kowane ciki sabuwar jifa ce, ana iya samun SS tun a ɗan fari, ana iya samunsa sau uku a jere, ana kuma iya haifar biyar ba a samu ba. Na huɗu, ɗaukar SS a matsayin takardar mutuwa, har a riƙa cewa mai shi ba ya wuce shekara kaza. Noel ya zama likita a zamanin da babu ko fenisilin, a yau kuwa akwai masu SS da suka ga jikokinsu.

Wani abu da ke ƙara wa ruɗanin ƙarfi shi ne nauyin baki. Murray Last, masanin da ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya lura a wata maƙala ta 1981 cewa mutane da yawa ba su cika damuwa da bin diddigin sanadin ciwo ba, abin da ke gabansu shi ne a sami sauƙi. Ga kuma kunya, wadda ke hana Bahaushe yi wa babba tambaya sau biyu. Wannan hali yana iya wucewa a ciwon kwana uku, amma ciwon da za a zauna da shi har abada, a kuma gadar wa 'ya'ya, ba ya yiwuwa da shiru. Matambayi ba ya ɓata. Haƙƙin majiyyaci ne ya ce: Likita, wane irin gwaji aka yi mini? Me haruffan nan suke nufi a jikina? Me suke nufi ga 'ya'yan da zan haifa? Wace alama ce in na gani zan taho ko da tsakar dare? In an amsa masa da Turanci, ya roƙa a maimaita da Hausa, sa'an nan shi ma ya maimaita da bakinsa don a ji ko ya kama.

Kammalawa

Mun ga yadda ciwo ɗaya ya sha sunaye: na zogi a bakin mutanen Gana, na wabi a tsakar gidajenmu, na lauje a madubin likitan Shikago, sa'an nan haruffa biyu a kan takarda. Kowane suna ya zo da hukuncinsa a kan mai ciwo, kuma an fi samun sauƙi a inda aka zauna aka yi masa bayani da harshen da yake mafarki da shi. A nan ne nake ganin aiki ya faɗo kanmu, mu ɗaliban Hausa da malamanmu. Sunan amosanin jini kansa abin koyi ne, domin ya ɗauki tsohuwar kalma da kowa ya sani ya jingina ta ga jini, inda tushen ciwon yake. Amma har yanzu muna bukatar kalma tsayayya da za ta raba mai ɗauke da iri da mai ciwo, da wadda za ta raba rukunin jini da irin jini, yadda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane ba tare da tafinta ba. Ina ba wannan ƙungiya shawara ta haɗa kai da 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci, a zauna a tace waɗannan kalmomi, a buga su a 'yar ƙasida, a kai wa limamai masu ɗaurin aure da ungozomomi da gidajen rediyo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara domin wannan ciwo, tun daga 2009, kuma ranar za ta dace da fitar da irin wannan aiki. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.